Garin Magani da Numfashin Malam Tukur

Wata ranar kasuwa ina tsakar kwance sikelin wani mai wake da ya daina faɗin gaskiya, sai ga Nazifi, ɗan ƙanwata, shi da abokansa biyu, kowa na washe baki kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Gyaran sikeli nake yi yanzu a kasuwar Dutsin-Ma, amma ba ita ce sana'ata ta asali ba. Sana'ata buga ƙwayar magani ce. Ita na ba ƙuruciyata, ita kuma ta bar ni a nan ina goge tsatsa.

"Kawu, mun sayi injin nan naku," in ji Nazifi.

"Wane inji?"

"Na buga ƙwaya mana, na kamfanin Alhaji da aka rufe. 'Ya'yanshi suka saida mamu. Mun kama shago bayan 'yan hatsi, takardun izini ma ana nema mamu. Kai dai ka zo ka nuna mamu hannu. Ai ba wani abu ba ne, ka zuba gari ta sama, ƙwaya ta faɗo ta ƙasa."

Na ajiye sukundireba na dube shi. Yaron da ko shayi bai iya haɗawa ba sai ya zubar da rabin sikarin a tabarma, shi ne zai riƙe garin magani. Ban yi masa faɗa ba a gaban abokansa. Amma abin da ban faɗa ba ranar, shi nake rubutawa yanzu, domin shi da duk saurayin da ya ga inji yana tofo ƙwayoyi ya ɗauka aikin ke nan.

Buga ƙwayar ita ce mafi ƙanƙantar aikin, ko jaki aka koya wa zai danna maɓalli. Aikin shi ne tsare gari. Ka hana shi fita daga inda aka sa shi, ka hana na wannan magani shiga na wancan, ka hana shi shiga jikinka. Garin magani ba shi da nauyin garin tuwo. In ka buɗe bakin leda da gaggawa, wanda idonka ya gani ya tashi kaɗan ne, wanda bai gani ba yana nan yana yawo a ɗakin har ka je ka ci abinci ka dawo.

A Kano na koya, a wani kamfani, ni da Tukur. Mota ɗaya ta kai mu, tabarma ɗaya muka raba. Shi mutumin Barkiya ne ta ƙasar Kurfi, ɗan gidan malamai, ya haddace Alƙur'ani tun bai fara aski da kuɗinsa ba. Duk azumi mahaifinsa ke tafsiri, shi ke ja masa baƙi. Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi dogon numfashi. Ayar da wani zai yanka gida biyu ko uku, Tukur zai ɗauke ta a tashi ɗaya ya sauke ta a hankali, har ka ji tsofaffi suna gyara zama. Ga gemu cikakke, baƙi wuluk, tun muna samari. Ni kuwa nawa 'yan tsirarun gashi ne da ko akuya za ta raina, kuma bai taɓa barina na manta da hakan ba.

Wadda ta koya mana wata dattijuwar Bayarabiya ce, Madam kawai muke ce mata, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Makonninmu na farko ko ƙwayar magani ba ta bari mun taɓa ba. Bula ta ba mu, wannan shuɗin garin da mata ke sa wa farin kaya. Ta sa mana fararen riguna da hula da takunkumi, ta ce mu auna, mu juye daga leda zuwa ganga, daga ganga zuwa mazubi, kamar dai magani ne. Muka yi ta yi muna dariya, muna ganin ai mun iya. Da aka tashi ta jera mu, ta jiƙa farin ƙyalle, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Bayan kunne shuɗi, gashin ido shuɗi, ƙasan farce shuɗi. Wani ya fyace hanci a hankici ya ga abin da ya fito, dariyarsa ta ɗauke. Da ta zo kan Tukur ta ce ya cire takunkumi, ta miƙa masa ƙyallen ya shafa a gemunsa. Ƙyallen ya fito kamar daga marina.

"Malam," ta ce, "takunkumi fata yake kamawa, ba ya kama gashi. Iska tana bi ta cikin gemun nan kamar ta bi ta zana. Ba zan ce ka aske ba, na san abin da yake a wurinku. Amma ba za ka tsaya gaban buɗaɗɗen gari da wannan tsumman a fuska ba, muddin ina nan."

Ta sa aka ba shi hular iska. Wata hula ce da ke rufe kai duka har kafaɗa, gilashi a gaba, da ɗan inji mai batir a ƙugu da ke tura tatacciyar iska ta bututu. Mai gemu da marar gemu duk ɗaya ne a cikinta. Ta kuma sa shi a akwatin gilashi, inda ake awon magunguna masu ƙarfi. Akwatin a rufe yake ruf, safar hannu biyu na roba a liƙe a jikinsa masu kaiwa har hamata. Ka zura hannuwanka daga waje, sikeli da gari suna ciki, kai kana kallo ta gilashi. A nan hannun Tukur ya yi suna. Cokalinsa ba ya rawa, bai taɓa zuba ƙari ya koma yana ragewa ba.

Abin da ta fi nanata mana shi ne kunne. Can bayan gini akwai babbar fanka mai zuƙe iskar ɗakunan ta bi da ita cikin matatar ƙura. Ƙararta ba ta da ƙarfi, wani gunji ne ƙasa-ƙasa da kake ji a tafin ƙafa. A ƙofar kowane ɗaki kuma an rataye ɗan zare. In fanka na aiki, zaren zai karkata ciki, alamar iska shiga take yi, gari ba zai biyo ka waje ba. Madam ta ce kafin ka sa ƙafa ka tsaya ka saurara, sannan ka dubi zare. In babu gunji, in zare ya miƙe, ko waye ya aiko ka kada ka shiga. Har yau in na shiga ɗaki mai shiru sosai sai na ji gabana ya faɗi.

Juye ganga ɗaya a mazubin inji, bari in gaya muku yadda ake yi, tunda zubawa ce kawai. Ka goge bayan gangar da jiƙaƙƙen ƙyalle tun tana waje. Ka shigo da ita ta ƙofa ta farko, ka rufe, sannan ka buɗe ta biyu, ba a taɓa barin duka biyun a buɗe. Garin yana cikin leda, ledar tana cikin wata ledar. Ka ɗaure bakin ta waje a wuyan mazubi tam, sannan ka kwance ta ciki da hannunka ta bayan leda, ka bar garin ya sauka da kansa, ba girgizawa, ba bubbugawa. In ya ƙare ka murɗe ledar ka ɗaure wuri biyu, ka yanke a tsakani, yadda kowane ɓangare zai rabu a rufe. Ba a share ɗakin magani da tsintsiya, tsintsiya tayar da gari take yi. Zuƙewa ake yi, a bi da ruwa. In za a canza magani kuwa, sai an kwance injin gaba ɗaya an wanke shi gunduwa-gunduwa, yini guda cur ba a buga ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan yinin shi ne masu kuɗi ba sa son ji.

Bayan mun ƙware ne Alhaji ya neme mu. Babban ɗan kasuwar hatsi ne a nan Dutsin-Ma, ya ce me zai sa kullum a riƙa ɗauko magani daga nesa. Ya gina ƙaramin kamfani a hanyar Kurfi, ya kawo mai digirin haɗa magunguna, ya dawo da mu gida. Tsakani da Allah, da farko bai yi ƙwauro ba. Fanka, matatar ƙura, akwatin gilashi, hular Tukur, duk ya saya. Muna yin ƙwayoyi da garin sirop na yara, akasari dangin fenisilin, maganin da ake ba mai ciwon ƙirji ko miki. Tukur na awo, ni ina kan inji. Ranar Juma'a ya hau babur ya tafi Barkiya, ni in gangara madatsar ruwan Zobe in sayo kifi. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar shekarun nan ba.

Masu sayenmu 'yan kemis ne na garuruwan nan, su zo a babur su ɗaure kwali a baya. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi ƙwayar. Damuwarsu kada ta farfashe a hanya, kuma launinta ya yi kyau, don mutumin ƙauye bai yarda da farar ƙwaya ba sosai. Akwai wani mai kiwon kaji daga Karofi da ya dame ni in riƙa tara masa garin da aka zuƙe daga ƙasa ya zuba wa kajinsa a ruwa. Mata kuma suna turo a roƙa musu gangunan da suka ƙare, wai sun fi komai hana wake ƙwari. Da na gaji da bayani sai na riƙa huda gindin kowace ganga da ƙusa kafin a fitar da ita. An zage ni a kan haka ba kaɗan ba, an ce baƙin hali ne.

Sai shekarar da komai ya taru ya faɗo mana. Man janareto ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, wuta kuwa sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Hanyoyin daji suka lalace da 'yan bindiga, 'yan kemis na ƙauye suka daina zuwa, wasu ma sun rufe sun gudu. Mai digirin ya ga ba alamar albashi, ya tattara ya koma garinsu. Alhaji ya kashe babban janareto ya sayo ƙarami. Ƙaramin yana iya ɗaukar injin buga ƙwaya da fitilu, amma ba ya iya ɗaukar fanka.

Safiyar da na fara zuwa na tarar ba gunji, na tsaya a ƙofa. Zare a miƙe kamar an ɗaura masa dutse. Na juya na tafi har rumbun Alhaji, na same shi ana auna masa gero.

"Alhaji, ba a aiki ba fanka."

"Idi, zauna mana. Mi fankar ke yi wanda taga ba ta yi? Ku buɗe tagogi."

"In an buɗe taga, ranka ya daɗe, unguwa garin zai shiga, ƙurar waje kuma ta shigo cikin magani."

Ya yi dariya, ya nuna mani masu zazzage buhu, sun yi fari fat har gira. "Dubi waɗannan. Ni nan cikin ƙaiƙayin gero na tashi, tun ina yaro nake shaƙar shi, mi ya yi mani? Ku kuma naku ma magani ne, ba guba ba. Zan sa a riƙa kawo maku nono kullum, yana wanke ƙirji. Ku lallaɓa dai. In kasuwa ta buɗe, fanka ce farkon abin da za a tada."

Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa. Iyakar saninsa ke nan, ƙura duk ƙura ce, kuma nono na wanke ta. Haka duk masu injin niƙa da masu sussuka suka yarda, haka mu ma iyayenmu suka gaya mana. Kullum da azahar sai ga Bafulatana da ƙwarya, ma'aikata su sha su shafa ciki, su koma ciki da ƙarfin gwiwa. Nono ciki yake zuwa, gari kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Na faɗa har na gaji, aka fara ce mani Bature.

Daga nan abubuwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Safar akwatin gilashi ta tsage a hamata, muka liƙe da salatif, ta sake tsagewa, aka ture akwatin gefe aka dawo awo a buɗaɗɗen tebur. Batirin hular Tukur ya daina riƙe caji, ba a samunsa sai an aika waje. Ranar da ya mutu gaba ɗaya, Tukur ya rataye hular a ƙusa, ya ɗauki takunkumi irin namu ya ɗaura a kan gemunsa.

Na ja shi waje. Na ce, "Malam, ka manta ƙyallen Madam? Ko ka aske, ko ka bar aikin nan."

"In bar shi in ci mi? Gonarmu ba ta nomuwa, ka sani. Gidanmu duka sun taso sun dawo cikin Kurfi, har Baba. Bakin kowa ni yake kallo."

"To ka aske. Lalura ce, kai ka fi ni sanin hukuncinta."

Ya kama gemun. "Idi, azumi ya kusa. In zauna gefen Baba, gaban jama'a, a garin da muke baƙi, da haɓa kamar ta ɗan makarantar boko? Mi za a ce da shi? Bari a sha ruwan Salla, sai in san abin yi."

Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa shafe gemun da man shafawa, wai ya kwantar da gashin takunkumi ya kama. Man kuwa sai ya zama tarko. Gari ya manne a ciki, ya bi shi masallaci, ya bi shi gida, ya kwana a ƙarƙashin hancinsa. In ya yi alwala ya tsefe gemu da jiƙaƙƙun yatsu, ruwan da ke ɗiga fari-fari ne. Na karɓi awon wasu ranaku na ba shi inji, amma a lokacin ginin duka ya zama ɗaki ɗaya, ko'ina ka shafa yatsa sai ya ɗauko.

Da atishawa ya fara, da jan ido. Sai ƙuraje a wuya. Sai tari da ke lafawa in ya tafi gida ranar Juma'a, ya dawo da ya shigo aiki. Muka shiga azumi ƙirjinsa yana wani kuka siriri kamar an danne ɗan kyanwa. A haka yake hawa babur bayan azahar ya je Kurfi ya ja baƙi. Wata rana a cikin goman tsakiya na bi shi. Ya ɗauko wata aya da na sha jin ya wuce ta ba tare da ya ko lumshe ido ba. A tsakiyarta muryar ta tsaya. Ya ja iska, ba ta shiga ba. Ya sake ja, ya dafa ƙasa, leɓunansa suka canza launi. Muka ɗauke shi a hannu zuwa asibiti.

Likitan ya tambayi aikinsa, da na gaya masa sai ya ajiye biro. Ya ce jikin Tukur ya juya wa maganin baya, ko ƙanƙanin garinsa ya shaƙa ƙirjin zai rufe, kuma kada a kuskura a ba shi ƙwayar ko allurar dangin nan har abada, tana iya kashe shi. Mutumin da ya auna maganin da ya warkar da yaran ƙasar nan, shi an haramta masa shi. Muka sa rai in ya bar wurin zai warware. Ya sami sauƙi kaɗan, amma numfashin bai dawo ba. Hayaƙin girki, turaren wuta, sanyin damina, kowanne sai ya kwantar da shi.

Mahaifinsa ya zo asibitin, tsoho mai sanda. A nan ya fara jin zancen takunkumi da gemu, don Tukur bai taɓa gaya masa ba. Ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya ce, "Tukur, da ka tambaye ni, wallahi ni zan riƙa maka askar. Gemu yana tohowa." Na fita waje na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba.

Kasuwar ba ta buɗe ba, fankar ba ta sake tashi ba. Kamfanin ya ja ƙafa ya mutu, Alhaji ma ya bi shi. Ni na tsira da tari kawai, kuma ba wayona ba ne, gemun da aka yi ta yi mani dariya a kansa ne babu.

Azumin da ya wuce na ce wa Nazifi ya ɗauke ni a babur mu je Kurfi da rana. Ban gaya masa dalili ba. Muka tarar an fara tafsiri. Tsohon ya rasu, ƙanen Tukur ne a kan buzu, wani saurayi na ja masa baƙi. Tukur yana can sahun baya kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, ya rame, gemun ya yi furfura, abin fesawa a baki yana cikin tafin hannunsa. Na ce wa Nazifi ya dubi bakinsa. Leɓunansa suna bin karatun ba sauti, harafi da harafi. Da aka kai tsakiyar aya sai su tsaya, kafaɗunsa su ɗaga, ya nemi iska, saurayin kuma ya wuce ya bar shi. Ko a ɓoye ba ya iya kai ta ƙarshe.

Da aka shafa muka gaisa. Na ce ga wanda ya sayi injinmu. Tukur ya riƙe hannun Nazifi, yana magana yana hutawa.

"Ɗana... kun sayi fankar?"

"A'a, Malam, injin dai tukuna."

"Ku hwara... da ita. Ko ba ku buga... ƙwaya ɗaya ba."

Nazifi ya sunkuyar da kai ya ce insha Allahu. A hanyar dawowa na fara gode wa Allah a zuciyata, na ce abin ya shige shi. Muna hango gari ya ɗan juyo da kai.

"Kawu, gaskiya na tausaya mashi. Amma ka ga mu ba mu da gemu. Kuma za mu riƙa shan madara. Fankar nan tsada gare ta, mu lallaɓa dai, in kasuwa ta buɗe ita ce farkon abin da za mu saya."

Na riƙe ƙarfen babur na yi ta kallon hanya.

Ban je na nuna musu hannu ba, na je na roƙi uwarsa, na je na sami iyayen abokansa, na ce zan kai ƙara in ta kama. Aka ce Kawu Idi ya tsufa, baƙin ciki yake yi da yara. Sun samo wani ya haɗa musu injin. Shagon bai da nisa da rumfata, in kasuwa ta yi sanyi da yamma ina jin bugunsa, na san muryarsa ko a cikin dubu. Kullum sai na ajiye abin da ke hannuna na kasa kunne, ina neman gunjin nan a ƙarƙashinsa. Babu.